Cijewar Sauyin Hali a Kayan Maganaɗisu da Lausasan Abubuwa: Yaushe Za a Ce Sauyi Ya Cije?

Tsakure

Akwai abubuwan da idan an sanyaya su sukan kama hanyar sauyawa daga wani hali zuwa wani, sai sauyin ya tsaya a tsakiya, ya ƙi ƙarasawa komai daɗewar jira. Wannan tsayawa ce maƙalar nan ta kira cijewa. An bi sawun yadda aka gano ta a cikin kayan maganaɗisu, musamman aikin da masana fiziks na birnin Indore a Indiya suka faro a shekarar 2001, sannan aka gwada ta da abin da ake gani a cikin koloyid da jel. Matsayin maƙalar shi ne, ganin sauyi bai ƙarasa ba bai isa hujjar cewa ya cije ba. Dalilai uku ne ke hana sauyi ƙarasawa, kuma ɗaya ne kaɗai daga cikinsu ya cancanci wannan suna.

1. Gabatarwa

Zan fara daga bakin firiza kafin mu shiga ɗakin gwaji.

Duk wanda ya daɗe yana sayar da ruwan leda ya taɓa ganin wannan. Za a zaro leda daga firiza tana ruwa tsararo, babu ko ɗigon ƙanƙara a ciki. Da an ɗan buga ta a gefen tebur, sai fari ya taso daga kusurwa guda, ya mamaye ledar cikin 'yan daƙiƙoƙi, kana riƙe da ita tana taurara a tafin hannunka. Ruwan nan ya riga ya wuce sifili tun yana cikin firiza. Abin da ya rasa shi ne iri, wato 'yar ƙwayar ƙanƙara ta farko da sauran za su ginu a kanta. Ƙananan ɗigon ruwa masu tsabta sukan jure har wajen digiri 40 ƙasa da sifili kafin su daskare don dole.

Yanzu mu dubi mai alewa. Ya tafasa sukari har ruwan ya kusa ƙonewa, ya juye a faranti, ya huce ya yi tauri garau kamar kwalba. A wannan zafi na ɗaki, abin da sukari yake so shi ne ya koma ƙwayoyin kiristal irin na cikin buhu. Bai koma ba, kuma ko ka buga shi sai dai ya fashe. Ya yi kauri da sauri har ƙwayoyinsa sun kasa motsin da za su jeru. Amma a bar shi a buɗe cikin damina: zai sha laima, ya yi danƙo, bayan kwanaki ka ji yana gara-gara a harshe. Laimar ta sassauta masa, ya samu motsi, ya ƙarasa sauyin da ya bari a hanya.

Ruwan ledar da alewar duka suna zaman aro ne, ba sa cikin halin da dokar zafi ta yanke musu. Sai dai dalilin kowanne daban. Ruwa yana da motsi, ba shi da iri. Sukari ko an ba shi iri, ba shi da motsi. Duk abin da zan faɗa a wannan zama yana rataye ne a kan wannan bambanci, domin a kayan maganaɗisu ido ba ya raba su kamar yadda ya raba leda da faranti.

2. Kalmomin aiki

Da hali ina nufin tsarin da abu yake ciki, kamar ruwa da ƙanƙara da tururi. Sauyi ajin farko shi ne wanda ake yi da tsalle: abu yana shan ɓoyayyen zafi ko yana fitar da shi, kuma halayen biyu suna iya zama tare, iyaka a tsakaninsu. Halin daidaito shi ne wanda makamashin Gibbs ɗinsa ya fi ƙasa. Duk wani halin da abu ya daɗe a ciki bayan wannan, halin aro ne.

Sauyi ajin farko yana da matakan zafi guda uku. Akwai Tc, inda halayen biyu suka yi kunnen doki. Ƙasa da shi akwai T*, iyakar zarcewar sanyi, inda shingen da ke tsare tsohon hali ya rushe gaba ɗaya. Sama da Tc akwai T**, iyakar zarcewar zafi. Tsakanin waɗannan iyakoki ne ake ganin hanyar tafiya ta saɓa da ta dawowa, abin da ake kira histeresis.

Cijewa ta shigo da na huɗu, Tk, matakin da ƙasa da shi motsin da sauyi ke bukata ya yi nawar da ta wuce tsawon gwajinmu. Masu gilashi sun daɗe da sanin wannan. A wurinsu ruwa ya zama gilashi idan kaurinsa ya kai wajen 10¹² faskal-daƙiƙa, inda ƙwayoyi ke ɗaukar kimanin daƙiƙa 100 kafin su sake zama. A 1960, Pol Duwez da ɗalibansa a Caltech suka sanyaya narkakken haɗin zinariya da silikon da saurin kusan digiri miliyan a daƙiƙa, suka samu ƙarfe mai tsarin gilashi. A 1969 David Turnbull ya kafa hujjar cewa samuwar gilashi tsere ne tsakanin saurin sanyayawa da saurin tsirowar kiristal. Abin lura, Tk ba iyaka ce da dokar zafi ta shata ba. Agogon mai gwaji yana da hannu a cikinta.

Saboda haka tambayar mai sauƙin furtawa ce: in ana sanyaya abu, wa zai fara tarar sa, T* ko Tk? In T* ne, sauyi zai ƙarasa. In Tk ne, tsohon hali ya cije, kuma zai kasance nan har ƙasan T*, wurin da a ƙa'ida ba shi da sauran hurumin zama.

3. Abin da aka gani a Indore

CeFe2 haɗin siriyam ne da baƙin ƙarfe. Ƙasa da wajen kelbin 230 yana zama feromagnet, wato ƙananan allurorin maganaɗisun ƙwayoyinsa duk sun fuskanci gefe guda. Zan taƙaita wannan hali da fero. In aka maye kashi kaɗan na baƙin ƙarfen da alminiyam ko ruteniyam, sai a ƙara samun wani sauyi a can ƙasa, inda allurorin ke komawa jeren kishiyantar juna, jimillar maganaɗisun ta kusa ɓacewa. Wannan shi ne antifero. Sauyin ajin farko ne, kuma yana zuwa tare da 'yar karkacewar ginin kiristal ɗin. A riƙe wannan batu na karkacewa, za mu dawo gare shi.

A 2001, M. A. Manekar da S. B. Roy da P. Chaddah da abokan aikinsu a cibiyar fasaha ta Indore, wadda yanzu ke ɗauke da sunan Raja Ramanna, suka auna samfurin da aka sa wa alminiyam kashi 4 cikin 100. Suka ga wani abu da bai zauna daidai ba. A al'ada, in ka sanyaya samfuri babu filin maganaɗisu, ka ɗaga filin a karon farko, layin da za ka zana yana faɗawa cikin da'irar histeresis da za ta biyo baya. A nan kuwa, a can cikin tsananin sanyi, layin farkon ya fita waje da da'irar. Ma'anarsa, fili ya juya antifero zuwa fero, amma da aka janye filin, wani kaso na fero ya ƙi komawa. Kuma gwargwadon ƙaruwar sanyi, gwargwadon ƙaruwar taurin kansa.

Wannan shi ne zuciyar hujjar, don haka zan ɗan dakata a kai. Halin da ya zarce sanyi, kamar ruwan ledarmu, yana ƙara rauni ne in aka ƙara sanyaya shi, domin shingensa yana raguwa yayin da ake kusantar T*. Saurin ruɓewarsa ƙaruwa yake yi. Halin da ya cije kuwa akasin haka ne: ƙarin sanyi ƙarin daskarewa. Don haka in ka ajiye samfuri a matakan zafi daban-daban, ka zuba wa maganaɗisunsa ido na tsawon sa'o'i, alkiblar da saurin sauyawarsa ya bi za ta gaya maka da wa kake tare. A 2005, M. K. Chattopadhyay da Roy da Chaddah suka yi irin wannan awo a kan samfurin ruteniyam, suka ga sauyawar tana bin lanƙwasa mai jan ƙafa, irin wadda Rudolf Kohlrausch ya bayyana tun 1854 kuma ake yawan gani a gilashi. Suka raɗa wa halin suna gilashin maganaɗisu.

Sunan ya jawo ruɗani, kuma dole a raba shi da wani tsohon abu, gilashin sifin, wanda aka sani tun farkon shekarun 1970 a haɗe-haɗe irin na zinariya da baƙin ƙarfe. A gilashin sifin allurori sun daskare barkatai, kowace ta kalli inda ta ga dama. A gilashin maganaɗisu kuwa jere yana nan daram, sai dai jeren wani mataki ne na zafi da aka riga aka baro. Baƙo ne da lokacin tafiyarsa ya wuce, ƙafa ta riƙe shi.

Daga nan misalai suka yi ta fitowa. A manganayit La0.5Ca0.5MnO3, wanda ke zama fero wajen kelbin 225 sannan ya koma antifero marar ɗaukar lantarki wajen kelbin 155 in ana sanyayawa, Alok Banerjee da Kranti Kumar da Chaddah, a cibiyar UGC-DAE ta Indore, suka nuna fero ne ke cijewa. A Gd5Ge4, ɗan gidan da V. K. Pecharsky da K. A. Gschneidner na ɗakin gwajin Ames a Amurka suka fito da shi fili a 1997 saboda ƙarfin sanyayawarsa ta maganaɗisu, lamarin a juye yake: fero ne halin daidaito a ƙasa, antifero ne mai cijewa. An ba da rahoton wannan a 2006. A shekarar ce kuma Weida Wu da abokan aikinsa suka ɗauki hoton yankunan fero da na kishiyarsa da madubin ƙarfin maganaɗisu a wani manganayit mai lantanam da farasiyodimiyam da kalsiyam, aka ga iyakokin yankunan suna tsayawa cik in sanyi ya yi yawa.

Me ya sa ake samun halaye biyu tare, maimakon samfurin ya cije duka ko ya sauya duka? Amsar ta samo tushe daga aikin Yoseph Imry da Michael Wortis na 1979. Duk abin da aka yi wa gauraye, gauraye ba ya bazuwa daidai. Kowane ɗan yanki yana da nasa Tc, da nasa T*, da nasa Tk. Layukan waɗannan matakai sun zama faffaɗan zirin ƙasa. In zirin T* da na Tk suka hau kan juna, wasu yankuna za su tarar da T* tukuna su sauya, wasu su tarar da Tk tukuna su cije. A 2006 masu binciken Indore suka kawo hujjar cewa yankin da T* ɗinsa ya fi ƙasa shi ne Tk ɗinsa ya fi sama, wato wanda ya fi jure zarcewar sanyi shi ya fi saurin cijewa.

4. Sanyayawa da ɗumamawa a filaye mabambanta

Abin da ya fi burge ni a wannan fage shi ne samun linzami na biyu. Mai gilashin kwalba in yana son ya kauce wa kiristal, sai ya yi sauri. Mai maganaɗisu ba ya bukatar sauri. Fili yana goyon bayan fero, don haka a CeFe2 mai gauraye, ɗaga fili yana tura T* ƙasa. Ka sanyaya a ƙaramin fili, sauyi ya ƙarasa. Ka sanyaya a babban fili, T* ya nutse ƙarƙashin Tk, fero ya cije. Ka zaɓi matsakaici, ka samu rabi da rabi. Bayan ka isa ƙasa, kana iya mai da filin duk inda kake so. Sakamakon shi ne, a zafi guda da fili guda, samfuri guda yana iya ba ka maganaɗisu iri-iri, gwargwadon hanyar da ka biyo da shi.

A kan wannan ne Banerjee da Chaddah da abokan aikinsu suka gina tsarin awon da suka laƙaba wa CHUF, wato a sanyaya a fili ɗaya, a ɗumama a wani. Ga yadda yake aiki inda fero ne mai cijewa. A sanyaya a babban fili. A can ƙasa a rage filin, sannan a fara ɗumamawa a hankali. Da an haye Tk, motsi ya dawo, sai feron da ya cije ya kwance ya koma antifero: maganaɗisu ya faɗi. A ci gaba da ɗumamawa har T**, antifero ya koma fero: maganaɗisu ya tashi. Lanƙwasa biyu ke nan a layi guda. In kuwa filin ɗumamawa ya ɗara na sanyayawa, ba a ganin faɗuwar farko, lanƙwasa ɗaya ce kawai. A Gd5Ge4 da ire-irensa alamar tana juyawa: kwancewar tana bayyana ne in filin ɗumamawa ya fi girma.

A lura da abin da ya faru a lanƙwasar farko. An ɗumama abu, sai ya shiga halin da ya kamata ya shiga tun ana sanyaya shi. Wannan ita ce alewar damina. Kuma awon ya amsa wata tambaya da a da ake ta gardama a kanta, wato cikin halaye biyu da ke zaune tare, wane ne mai gida, wane ne ɗan aro. Wanda ya kwance da aka ba shi motsi, shi ne ɗan aro.

5. Ƙorafin da ya zo daga Sendai

Ba zan yi wa wannan taro adalci ba in na ɓoye inda labarin ya yi tuntuɓe. Akwai haɗe-haɗen nikel da manganis da indiyam masu tuna siffarsu, waɗanda in an sanyaya su suke sauyawa daga ostenayit zuwa martensayit. Martensayit dai sunan tsarin nan ne da ke samuwa sa'ad da maƙeri ya tsoma baƙin ƙarfen da ya yi jajir a wuta cikin ruwa don ya yi tauri, kuma an faɗaɗa sunan ya haɗa da duk sauyin da ƙwayoyi ke gocewa tare ba tare da sun yi ƙaura ba. A waɗannan haɗe-haɗe ostenayit ne mai ƙarfin maganaɗisu. A 2007, V. K. Sharma da Chattopadhyay da Roy suka ba da rahoton cijewa a Ni50Mn34In16 in an sanyaya shi a babban fili. A 2008, W. Ito da Ryosuke Kainuma da abokan aikinsu a Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan suka ga irin haka a haɗin da aka ƙara wa kobalt: sauyin ya tsaya wajen kelbin 150, ƙarin sanyi bai motsa shi ba.

Amma sun lura da wani abu. Ƙa'idar Clausius da Clapeyron ta ce gangaren layin sauyi a taswirar fili da zafi ya dogara ne da bambancin entirofi, wato ma'aunin rashin tsari, tsakanin halayen biyu. Su kuwa sun ga layin ya kwanta shimfiɗe a ƙasa da kelbin 150 ɗin nan, wato bambancin entirofin ya kusa zama sifili. Dalilin a bayyane yake. Ta fuskar girgizar gini, ostenayit ya fi entirofi. Ta fuskar maganaɗisu kuwa, da yake allurorinsa sun jeru tsaf, ya gaza martensayit. Can cikin sanyi sai biyun su cinye juna. In bambancin entirofi ya ɓace, ƙarin sanyi ba ya ƙara wa sauyi ƙarfin turawa ko kaɗan. Motar ba ta cije a yashi ba, gangaren ne ya ƙare. Shi ya sa daga baya masu binciken Tohoku suka fi son kiran abin da sunan da bai jingina shi ga nawar motsi ba.

Wannan shi ne dalili na uku, bayan rashin iri da rashin motsi, kuma a ganina an yi sakaci da shi a rubuce-rubuce da yawa. Ban ce ya rushe aikin Indore ba. A haɗe-haɗen nan ma an ga histeresis na ƙara faɗi cikin tsananin sanyi, alamar iyakar da ke tsakanin halayen tana wahalar motsi. Abu biyu ne suka haɗu, kuma aikin mai bincike ne ya auna kason kowanne kafin ya raɗa suna.

6. Darasin koloyid

Lausasan abubuwa, irin su madara da fenti da koko da ƙaro da aka jiƙa, suna da wata falala da maganaɗisu ba shi da ita: ƙwayoyinsu manya ne, ana ganin su da madubi, kuma motsinsu a hankali yake.

A 1986, Peter Pusey da William van Megen suka zuba ƙananan ƙwallayen roba masu tauri cikin ruwan da ya dace da su, wato suka haɗa koloyid, suka jera kwalabe gwargwadon cunkoso. Lissafi ya riga ya nuna cewa ƙwallaye masu tauri suna fara jeruwa in sun cika kashi 0.494 na wuri, su gama a 0.545. Haka aka gani, kwalaben suna walƙiya da launuka saboda kiristal. Amma daga wajen 0.58 zuwa sama, kiristal ya daina tsirowa a cikin jikin samfurin. Kowace ƙwallo maƙwabtanta sun yi mata keji. A nan cunkoso ne ya tsaya a matsayin sanyi. A shekarar 2000, Eric Weeks da David Weitz da abokan aikinsu suka bi ƙwallaye dubbai ɗaya bayan ɗaya da madubin konfokal, suka ga masu motsin ba a warwatse suke ba, ƙungiya-ƙungiya suke yi.

Sai ga wani sakamako da ya kamata kowane mai ikirarin cijewa ya ajiye a ransa. A 1997, J. Zhu da Paul Chaikin da William Russel da abokan aikinsu suka ba da rahoton gwajin da aka yi cikin kumbon Amurka a sararin samaniya. Samfurin da ya shekara a doron ƙasa yana gilashi, ya zama kiristal gaba ɗaya cikin ƙasa da mako biyu da aka ɗauke masa nauyi. Ashe jan ƙasa, wanda ba a sa shi cikin lissafi ba, yana cikin masu riƙe da shi.

Misalin da ya fi kusa da na maganaɗisu shi ne na jel. In aka zuba polima cikin koloyid, ƙwallayen sukan fara jan juna, ta hanyar da Sho Asakura da Fumio Oosawa suka bayyana a 1954. In jan ya yi ƙarfi, samfurin yakan kama rabuwa gida biyu, mai kauri da mai tsinkewa, kamar yadda nono ke tsinkewa. A 2007, Frédéric Cardinaux da Peter Schurtenberger da abokan aikinsu suka nuna a furotin laisozayim cewa rabuwar tana tsayawa da zarar gefen mai kaurin ya kai cunkoson gilashi. A 2008, Peter Lu da Emanuela Zaccarelli da Weitz da sauransu suka nuna cewa a ƙwallaye masu gajeren ja, iyakar samuwar jel ta faɗo daidai kan iyakar rabuwa. Wato dokar zafi ce ta tayar da sauyin, cijewa ta tsayar da shi, abin da ya rage a tsaye shi ne ragar da muke kira jel.

A fagagen biyu siffar ɗaya ce: layin da dokar zafi ta shata ya gicciye layin da nawar motsi ta shata. Bambancin shi ne, masu koloyid sukan auna kowane layi shi kaɗai, sannan su nuna inda suka haɗu. A maganaɗisu sau da yawa daga awon maganaɗisu guda ake tsamo layukan biyu. Nan ne raunin yake.

7. Mene ne ainihin abin da ya cije?

A koloyid an san amsar: keji, ko ɗaurin ja. A maganaɗisu ba zai yiwu allurorin kansu ba ne, domin allura guda tana juyawa cikin ƙasa da ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa. A tuna karkacewar da na ce a riƙe. A duk misalan da na kawo, sauyin maganaɗisu yana ɗaure da sauyin gini. A Gd5Ge4 faifan ƙwayoyi ne ke zamewa a kan juna, ɗauri tsakanin ƙwayoyin jamaniyam ya sake ƙulluwa. Sabon yanki da ke tsirowa bai yi daidai da gurbin da ya tarar ba, sai ya matse maƙwabta, matsin ya dawo ya tare shi. Abin da ya fi dacewa da waɗannan alamu shi ne iyakar da ke tsakanin halayen ce ke maƙalewa, tsakanin matsi da tabon gauraye. Don haka ina amfani da kalmar gilashi a nan da taka-tsantsan. Ta dace da ɗabi'ar abin a kan lokaci, amma kaurin ruwa, wanda shi ne ma'aunin gilashin kwalba, ba shi da takwara kai-tsaye a sauyin da ƙwayoyi ba sa ƙaura.

Wannan ba gardamar suna ba ce kawai. Ana neman waɗannan kaya ne don firji marar iskar gas, kuma yawancin alƙaluman ƙarfin sanyayawarsu ana lissafo su ne daga layukan maganaɗisu ta hanyar dangantakar Maxwell, wadda sharaɗinta shi ne samfuri ya kasance cikin daidaito. In aka ɗora ta a kan samfurin da wani kasonsa ragowar awon baya ne, sai ta haifar da ƙololuwar da babu ita. A 2009, L. Caron da Ekkes Brück da abokan aikinsu a Delft suka nuna haka, suka ba da shawarar a riƙa ɗumama samfuri har ya manta tarihinsa kafin kowane layi.

Ga ɗalibin da zai shiga wannan aiki, abin da nake roƙo a gani a rahotonsa kafin kalmar cijewa ta fito shi ne, da farko ya faɗi hanyar da samfurin ya biyo: filin sanyayawa, saurin sanyayawa, da tsawon jira. Ya auna sauyawa a kan lokaci a matakan zafi da dama, ya nuna tana raguwa da ƙarin sanyi. Ya nuna kwancewa in an ɗumama a fili mabambanci. Sannan ya auna bambancin entirofi da ma'aunin zafi kai-tsaye, don ya tabbatar ƙarfin turawa yana nan bai ƙare ba. In akwai halin kai samfurin ga hasken nutiron ko na eksire a cikin fili, a ƙidaya kason kowane hali daga ginin kansa, to a yi. Na ƙarshen nan yana bukatar tafiya da neman gurbi a manyan cibiyoyi. Sauran kuwa, na'urar auna maganaɗisu guda, da ma'aunin zafi, da haƙurin barin samfuri ya kwana a kelbin 10 ana rubuta abin da yake yi, sun isa.